Akwatin da Na Sa Aka Liƙe

Ku matso kusa, masu karatu, yau ba asirin kowa zan tona ba sai nawa. In na gama ku yi min faɗan da za ku yi, amma don Allah ku bari in kai aya tukuna.

Shekarata sha tara. Ni ce ƙarama a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har mai shagon da nake wa aiki. Tun da na gama sakandare nake zaman wani shagon fotokwafi a bakin titi. Daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma ina tsaye kan injin da ke tari kamar tsoho, in ya cije takarda in buɗe cikinsa in zaro ta, yatsuna su yi baƙi ƙirin. Ƙarshen wata a danƙa min dubu goma sha biyu. Burina ɗaya ne, makarantar koyon aikin jinya. Rajista da jarrabawar shiga da takardu gaba ɗaya dubu sittin ne, kuma tun farko Baba ya faɗa min gaskiya, idonsa a ƙasa, cewa bana ba zai iya ba, karatun Yaya ya kwashe komai. Ban yi kuka a gabansa ba. Na ce, "Ba komai, Baba." A raina kuwa na ce ni zan tara.

To amma ni na san halina, hannuna ba ya riƙe kuɗi. Asusu biyu na fasa kafin su yi wata. Na ukun na gwangwani ne, shi kuma na ƙware a zaro kuɗi ta bakinsa da fil ɗin ɗankwali, har ina yaba wa kaina basira.

Nan Mai Walda ya shigo labarin. Shagonsa na tsallaken titi, daidai saitin namu. Sai da ya kawo katin shaidarsa aka yi masa kwafi sau huɗu a sati ɗaya kafin na gane ba kwafin ne ya dame shi ba. Ranar ta huɗun na ce, "Malam, kwafin nan cinye su kake yi?" Ya sosa ƙeya ya ce shi ma ya rasa inda suke shiga. Mutum ne mara yawan magana, rigunansa duk da 'yan hujin tartsatsin wuta, in zai yi dariya sai ya fara kallon ƙasa. Ya je ya gaida Baba tun da wuri, aka san da zamansa. Goggo ce kawai ba ta gajiya da cewa duk samarin duniya na rasa wanda zan so sai mai warin ƙarfe. Ni kuwa ko a jikina.

Na kai masa ƙarar hannuna. Bayan kwana biyu ya kira ni shago, ya nuna min wani ɗan akwatin ƙarfe, ba murfi, ba kwaɗo, an liƙe shi ta ko'ina, sai 'yar tsaga a sama wadda ko fil ɗina ba zai yi wa komai ba. Ya shafa masa shuɗin fenti. Daɗi ya kama ni har na yi abin da nake ba ku labari a kansa yau. Na ce akwatin ya zauna a shagonsa, ƙarƙashin teburin aiki. Na kuma ce ya yi min alkawari ba zai buɗe ba sai ranar rajista.

"Ko ke kika ce in buɗe?"

"Ko ni. Musamman ma ni."

"Ki dai yi tunani, Auta. Ni in na ce na ɗauka, to na ɗauka."

"Na ji. Ka ɗauka."

Wata takwas ke nan, duk ƙarshen wata in tsallaka titi in zura dubu bakwai. Dubu hamsin da shida. Albashin wannan watan zai cike sauran, rajista kuma saura kwana goma sha biyu a rufe.

Kar ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Ina da ƙawaye, kuma ba na wasa ba. Mu biyar ne tun aji ɗaya na sakandare: ni, da Doguwa, da 'yan biyu, sai aminiyata ta ƙut da ƙut da muke kira Gimbiya. Sunan ya bi ta. Mahaifinta babban ɗan kasuwa ne, ita ce ta fara riƙe waya a cikinmu, ita ce mai turaren da in ta fita daga ɗaki sai ya yi awa bai bi ta ba. Amma ba ta da girman kai ko kaɗan. Lokacin da na yi zazzaɓi a aji biyar, ita ta kwafe min darasin sati uku da hannunta, har da zanen zuciya a gefen kowane shafi.

Guruf ɗinmu na waya ba ya hutawa. Yau a sha askirim, gobe murnar ranar haihuwar wance, jibi an buɗe sabon wurin cin abinci dole a je a ɗauki hoto. Da farko na yi ta dabara. In za mu fita sai in cika cikina a gida, a can in ce ruwa kawai zan sha, ina rage ƙiba ne, ni da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka. In taka rabin hanya a ƙafa sannan in hau mota, in sauka ina gyara mayafi kamar daga ƙofar gida aka ɗauko ni. Doguwar rigata ruwan toka kuwa ta sha wuya, mayafi huɗu na aurar mata, kowane hoto da nasa. Amma dabara ma tana ƙarewa. Ranar da ta ƙare, maimakon in buɗe baki in ce ba ni da shi, sai yatsana ya rubuta, "Umma ta hana."

Wallahi sauƙin abin ne ya cuce ni. Ba wanda ke musu da uwa. Sau ɗaya ya zama sau biyu, ya zama duk sati. Ummata da ko ƙuda ba ta iya kora da ƙarfi, na mayar da ita dodo a guruf. Doguwa har cewa take, "Kai, Umman Auta sai a hankali." Ni kuma in tura fuskar kuka, alhali Umma na tsakar gida tana tambayata me ya sa kwana biyu ba na fita.

Ranar Litinin ina cikin haɗa wa wani ɗalibi takardu saƙon Gimbiya ya shigo.

"'Yan uwa, za mu tashi. Baba zai koma wani gari da harkokinsa, ran Lahadi za mu tafi. Asabar ta bankwana ce a wurin shaƙatawa na bakin ruwa. Mota, abinci, mai hoto, kowa dubu takwas. Ku turo min in kama wuri. Ban yarda ko mutum ɗaya ta ce a'a ba."

Na ruɗe har na haɗa wa yaron mutane shafi na tara kafin na uku. Gimbiya za ta tafi? Kafin la'asar Doguwa da 'yan biyu duk sun tura nasu. Sai ga saƙon Gimbiya a gefe, ni kaɗai: "Autata, ke nake jira. In ba ke ba bankwana."

Washegari da aka tashi aiki na tsallaka titi. Na same shi durƙushe yana haɗa ƙafar wani gado, baƙin gilashi a fuska. Ya kashe injin, ya ɗaga gilashin zuwa goshi.

"Yau ba ƙarshen wata ba ne."

"Na sani. Dubu takwas kawai zan ɗauka, in mayar."

"Da me za ki mayar?"

"Kai dai ka buɗe."

Ya miƙe, ya goge hannu da tsumma, ya jawo min kujerar roba har da kaɗe ta. Ban zauna ba. Na ba shi labarin komai, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba.

"Ina da dubu uku a aljihu," ya ce. "Ki karɓa, ki saya mata wani abu mai kyau ki kai mata gida."

"Ni na ce maka bara na zo? Kuɗina ne fa!"

"Naki ne. Shi ya sa nake gadinsa."

"To mai kuɗin ta ce a buɗe."

"Mai kuɗin ce ta ce musamman ma ita."

Haushi ya turnuƙe ni, saboda gaskiya ya faɗa. Na ce masa zuciyarsa ma ƙarfe ce, na juya na tafi. Ina jin ya ce in kula da mota, ban ko waiwaya ba. Kafin in kai gida saƙonsa ya shigo: "Ki yi fushin, ina nan. Kin ci abinci kuwa?" Na karanta na ƙi amsawa. Sai na shiga guruf, na rubuta abin da na saba: "Ku yi haƙuri, Umma ta hana."

Laraba da yamma ina ɗaki ina ninke kayan wanki na ji sallama, murya huɗu a haɗe. Na leƙa. Ga su nan reras a falonmu, kowacce ta ja mayafi har goshi kamar masu neman aiki, Doguwa riƙe da ledar lemu. Sun durƙusa gaban Umma, ita kuma tana zaune da tiren shinkafa a cinya tana tsince tsakuwa.

Gimbiya ce ta fara. "Umma, roƙo muka zo. Mun san ba kya son yawan fitar Auta, kuma duk lokacin da kika hana ba mu taɓa cewa komai ba. Amma wannan karon tafiya zan yi. Don Allah ki bar mana ita ran Asabar, wuni ɗaya tak."

Hannun Umma ya tsaya cak a cikin shinkafar. Ta ɗago ta dube ni ina raɓe a bakin ƙofa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige har da gode mata. Na jira ta ce, yaushe na taɓa hana ta? Na jira asirina ya watse a kan tabarma.

Sai Umma ta ci gaba da tsintarta. Ta ce, "Allah Ya yi muku albarka, 'ya'yan nan. Kun kyauta da kuka zo da kanku. Ku ba ni zuwa gobe, ni da ita za mu yi magana."

Ta sa na kawo musu ruwa, ta tambayi kowacce mutanen gida, ta yi wa Gimbiya addu'ar tafiya har idon yarinyar ya ciko. Da na dawo daga raka su, tiren na gefe, ta nuna min wuri kusa da ita.

"Tun yaushe nake hana ki fita, in sani?"

"Wata biyar," na ce, muryata kamar ta sauro.

"Ikon Allah. Ashe na yi tsanani haka ban sani ba."

Da duka ta yi min da ya fi sauƙi. Na kife kaina a cinyarta na fashe da kuka, na faɗa mata komai, har akwatin da ko ita ba ta san da shi ba. Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai na ji tana warware min bakin kitson da ya fara tsufa, a hankali, kamar lokacin da nake 'yar firamare.

"Dubu hamsin da shida," ta ce. "Ke, Auta? Ke da in an aike ki da canji sai an bi ki?" Ta yi 'yar dariya. "Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Amma ki ji nan. Na rufa miki yau don ba na so ki ji kunya gaban ƙawayenki. Ba zan ƙara ba. Rashin kuɗi ba abin kunya ba ne, ni da ubanki mun yi shekaru a cikinsa ba mu mutu ba. Yarinyar nan ta durƙusa min saboda ke. Gobe ki taka da ƙafarki ki faɗa mata gaskiya."

Alhamis na roƙi mai shago ya sallame ni da wuri. Na sa rigata ruwan toka, ban ma tsaya zaɓar mata mayafi ba. Duk hanya ina haɗa maganar da zan yi, ina rushewa.

Rabona da gidan su Gimbiya wata uku, kullum ita ke cewa mu haɗu a waje. Na tarar da get a buɗe, ba mota, ba mai gadi. Falon da nake cire takalmi tun daga nesa saboda laushin kafet ya zama fili. Babu kujeru, babu labule, sai shatin inda talabijin ta taɓa zama a bango, da kwalaye an ɗaure da igiya. Na same ta a ɗakinta zaune kan katifa a ƙasa, ba kwalliya, tana cusa takalma a buhu. Ta gan ni ta zabura.

"Har kun ɗaure kaya?" na ce.

"Eh... an riga an tura wasu."

Na zauna kusa da ita kafin ƙarfin halina ya gudu. "Gimbiya, Umma ba ta taɓa hana ni fita ba. Ko sau ɗaya. Ni ce ba ni da kuɗi. Tarawa nake yi in shiga makarantar jinya, na ji kunyar faɗa muku, na laƙa mata."

Na rufe ido ina jiran ta zage ni. Da na buɗe, sai na ga hawaye na bin fuskarta, tana dariya kuma a lokaci ɗaya.

"Ke ma?" ta ce. "Ashe ke ma?"

Ta kama hannuna ta riƙe gam. Babu wasu harkoki da mahaifinta zai koma yi a wani gari. Kasuwa ta karye masa tun bara. Kayan falo ba tura su aka yi ba, sayar da su aka yi, gidan ma ya zama na wani. Gidan kakarta za su koma, ɗaki biyu su bakwai. Duk askirim ɗin da take saya mana watannin nan, sarƙoƙinta ne take sayarwa ɗaya bayan ɗaya don kar mu gane.

"Na so ku tuna da ni yadda kuka san ni," ta ce. "Wuni ɗaya kawai, mu yi hoto, in tafi."

"To ai za a yi. Ni ce dai ba zan..."

"Ba za a yi ba, Auta." Ta saki hannuna ta rufe fuska. "Kuɗin su Doguwa, dubu ashirin da huɗu. Shekaranjiya mai motar da zai kwashe mana kaya ya ce sai an ba shi rabi ko ya fasa. Na ga Mama tana juya jakarta tana zazzagewa, ba komai a ciki. Na ɗauko na ba ta, na ce ajiyata ce. Ban kama wurin ba. Jibi za su yi wanka su zo su tsaya a bakin titi suna jiran mota, ni kuma in zama ɓarauniya a bakinsu har abada."

Na jawo ta jikina, ƙashin kafaɗarta har yana sukana, ban san ta rame haka ba.

"Jiya da na zo gidanku," ta ce cikin mayafina, "don ke na zo, wallahi. Amma rabin zuciyata dubu takwas ɗinki take lissafi. Ki yafe min."

"Ni da na mayar da uwata dodo, ni zan yafe wa wani?"

Muka yi dariya muna share hanci. Sai ta ɗago ta ce, "Nawa kika tara?" Kafin in buɗe baki ta toshe min shi da tafin hannunta. "A'a. Kar ki faɗa. Ban tambaya ba. Ki tafi makarantarki, kin ji? Ko ɗayarmu ta zama wani abu."

Masu karatu, na iya lissafi, aikina ke nan. In na cire mata ashirin da huɗun su Doguwa daga akwatin, saura talatin da biyu. In albashi ya zo, arba'in da huɗu. Rajista saura kwana tara, kuma ba ni da inda zan samo dubu goma sha shida. Sai wata shekarar ke nan, in Allah Ya kai mu. Na yi lissafin nan sau uku a hanya, ko sau ɗaya bai canja ba. Duk da haka da na ɗago kai, a ƙofar shagon Mai Walda na ga kaina.

Yana shirin rufewa, rana ta yi sanyi. Ya dubi idona ya ajiye kwaɗon da ke hannunsa. Wannan karon da ya jawo kujerar na zauna. Na ce ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, sannan na ba shi labari.

"Da ina da su, da kin san ba sai kin tambaya ba," ya ce. "Dubu ukun nan ne dai, ba su ƙaru ba."

"Na sani."

"Wata takwas, Auta. Ina kallonki ta nan kina cin biredi ba komai da rana."

"Ita ma wata takwas tana sayar da sarƙoƙinta, ba wanda ya kalle ta."

Ya durƙusa ya jawo akwatin daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙurar da ke kansa, ya ɗora a gabana. Ya ɗauko injin yankan ƙarfe ya ajiye kusa da shi. Sai ya warware wayar injin, ya kamo hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya sa min kan wayar a tafi.

"Na yi wa wata yarinya alkawari, mai son zama ma'aikaciyar jinya," ya ce a hankali. "Ba zan karya mata da hannuna ba. Ga soket can a bango. In kin jona, zan yanka, kuma ba zan taɓa yi miki gori ba. In kin ajiye, zan raka ki har wurin su Doguwa ku faɗa musu gaskiya ke da Gimbiya. Duk wanda kika zaɓa, ina nan."

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Doguwa ce a guruf, ta turo hoton sabon takalmin da ta saya saboda Asabar, tana tambayar Gimbiya ƙarfe nawa motar za ta zo. A ƙasa na ga alamar Gimbiya ta fara rubutu, ta tsaya, ta sake farawa, ta sake tsayawa.

Taku uku ne tsakanina da bangon. Na miƙe tsaye, wayar injin a hannuna, har yanzu da ɗumin hannunsa a jikinta.